Lalle a Yatsun Inna

Daga cikin jirgi, gaɓar Ispaniya

Zuwa ga ƙanwata Hidaya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya aikin koyarwa a lakwal, ya mutanen Magarya? Ki gaida Inna idan kin je Dogo-Dogo.

Kira ba ya shiga a tsakiyar teku, shi ya sa na rubuta a takarda na ɗauki hoto na turo miki. Ki karanta a natse. Jirgin da nake gasa burodi a cikinsa, wannan na masu yawon shaƙatawa, zai bi gaɓar Afirka bayan kaka, kuma zai yi yini guda a Lome. Kamfani yana barin ma'aikacin da ya daɗe ya shigo da mutum ɗaya daga danginsa, ya kwana a ɗaki mai taga, ya ci abin da baƙi suke ci, har tashar gaba. Na sa sunan Inna.

Kin san ba ni da halin zuwa gida. In na sauka kafin kwantaragi ya ƙare, wani ya haye gurbina. Ko jana'izar Baba ban samu ba. Ke kika gaya mini yanar idon Inna tana ƙaruwa, to ina so ta gan ni tun tana gani.

Sharaɗi ɗaya ne: ba a taka jirgin sai da fasfo, katin shaida na dantite ba ya yi. Kuma suna son lambar fasfon kafin wata mai kamawa ya fita. Ki kai ta Damagaram da takardar haihuwarta da ta zama ɗan ƙasa. Kada ki yi mini sanyin jikin nan naki.

Ka huta, za ki ce, to na huta.
Yayanki,
Jibo

Magarya

Yaya Jibo,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, sai kewarka. Sanyin jikin da kake faɗa shi ya ɗauke ni a bayan babur har Dogo-Dogo ranar da wasiƙarka ta zo, ka dai rage raina mutane.

Inna da ta ji, sai ta tashi ta shiga ɗaki. Kai ɗan fari ne, ka san ba za ta yi murnarka a gaban mutane ba. Amma kafin la'asar gari duk ya ji Inna Ɗela za ta hau teku.

To ga inda aka samu matsala. Na bar ta ta shirya, na ce zan dawo in ɗauke ta. Ashe aminiyarta Gumsu ta tara mata, suka ce ai ba a zuwa ɗaukar hoton gwamnati da hannu fari fat kamar mai takaba. Suka yi mata ƙunshi, suka sa hannuwan a zunguru, suka maimaita, suka bi da gishirin lalle har yatsun suka yi baƙi wuluk. Wallahi ya yi kyau, Yaya, ni ma da na gani yabawa na yi.

A ofishin fasfo komi ya tafi daidai, har hoto. Da ɗan sandan da ke aikin ya tambaye ta wurin wa za ta, ta sunkuyar da kai ta ce, "Wancan yaron." Ni na faɗi sunanka. Sai aka zo ɗaukar zanen yatsu. Ta ɗora, na'ura ta yi ja. Ta sake, ta yi ja. Mutumin ya yi haƙuri da mu ƙwarai, ya goge gilashin, ya gwada yatsu goman nan ɗaya bayan ɗaya. Daga ƙarshe ya ce, "Inna, lallen ya rufe zanen. Ku je ya koɗe ku dawo."

Gumsu ta ce irin wannan ƙunshin yana kai wata bai saki ba. Ka roƙi mutanenka su ƙara mana lokaci.

A gaida abokan aiki. Allah ya tsare.
Ƙanwarka,
Hidaya

Daga cikin jirgi

Hidaya,

Sallama. Ina gaida ku.

Na roƙa, sun ce ranar da suka sa ba ta motsawa. Ke da kika yi boko, kina koyar da yaran mutane, ba ki san ba a zuwa wurin na'ura da lalle ba? Shekara nawa ina tsaye gaban wuta ina jiran dama irin wannan, a ce ƙunshi ne zai hana ni ganin uwata! Ku goge shi ko da me, ku koma. Ki gaya mata haka, daga bakina.

Ki yafe zafin, ban yi barcin kirki ba.
Jibo

Magarya

Yaya,

Bayan gaisuwa. Ban san ta inda zan fara ba.

Na gaya mata daga bakinka, kamar yadda ka ce. Da na sani da na haɗiye rabi. Na koma aiki, ita kuma ta zauna da maganarka. Ta fara da lemun tsami da toka. Da ta ga bai saki ba, ta jiƙa hannu a ruwan jabel, mai ƙarfin nan da ake faranta tufafi da shi, sannan ta ɗauki dutsen goge kaushi. Kawu Mainassara ne ya shiga gaishe ta ya tarar da ƙwaryar da take wanke hannu ta yi ja. Ya ce mata, "Ɗela, yatsun za ki cire?" Ta ce, "An ce ko da me."

Lallen ya fita, Yaya, amma da fatar ya fita.

Duk da haka ta matsa sai mun koma Damagaram. Ɗan sandan nan da ya ga yatsun, salati ya yi. Ya gwada don kada ranta ya ɓaci, na'ura ba ta ga komi ba. A gidan likita sun naɗe mata su da bandeji, sun ce sai sabuwar fata ta fito ta yi ƙwari. Kafin nan watanka ya fita.

Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. A mota muna dawowa, wajen Bande, ta tambaye ni ko Lome ɗin ana zuwa ta ƙasa. Na ce ana zuwa mana, 'yan kasuwa suna bi ta Kano da Legas. Ta gyaɗa kai.

Ina jin haushinka, ina jin haushin kaina, kuma ina tausayinka. Ka rubuto mata kalma mai sanyi in karanta mata.

Allah ya ba mu haƙuri.
Hidaya

Dogo-Dogo

Yaya Jibo,

Sallama. Ka yi haƙuri da rubutun, a gurguje na yi shi.

Inna ba ta gida. Wasiƙarka ta ban haƙuri na karanta mata tun tuni, ta ce ta yafe, muka ɗauka magana ta mutu. Ashe lissafin zuwan jirginka take yi. Ranar kasuwa ta ce wa Kawu za ta Babura gaida dangi. Sai da na tsare Gumsu da kuka ta faɗi gaskiya. Ta ce Inna ta ce in takarda ta hana ta hawa jirgi, ai ba ta hana ta tsayawa a bakin ruwa ba.

Katin dantite kawai ta ɗauka, da ƙuli-ƙuli a leda. Ba ta da talho da za a kira ta, ba ta jin Faransanci balle Turanci, kuma da yamma ba ta gane fuskar mutum sai ya matso. Kawu ya bi sawu har Kano. A tasha wani ɗan kamasho ya ce ya ga tsohuwa mai naɗaɗɗun yatsu ta shiga motar Legas. Daga nan ba mu da labari, ga iyakoki a gabanta.

In kun iso Lome ka fito bakin ƙofa. Tana sanye da shuɗin hijabi. Kada ka jira ta gane ka.

Ka sa ta a addu'a.
Hidaya

Lome

Ƙanwata,

Sallama. Na yini a ƙofar tashar jirgin ruwa, ba ta zo ba. Na je zango, unguwar Hausawa, liman ya sa an yi cigiya a masallaci.

Jirgi ya busa da la'asar, ya sake busawa. Ban koma ba. Mutanen jirgin sun bar fasfona hannun wakilinsu, aikin kuma ya bi ruwa.

Yanzu aka ce wata motar Legas ta shigo. Zan je in duba.

Yayanki,
Jibo