Inna Ta Koma Gidan Rijiya

Auta,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Tela da yara. Na rubuto a takarda na ba direban da ke bi ta unguwarku, don in na kira ki a waya faɗa muke yi kafin in kai ga maganar.

Yaushe za ki dawo mini da Inna? Shekara tara tana gidana, ko buta ban taɓa bari ta ɗauka ba. Ranar Talata na dawo daga makaranta da takardun jarrabawa a hannu, na tarar da gadonta a gyare, babu akwatinta. Maƙwabciya ce ta ce mini ta ga ta hau mota. Wai ta ji a rediyo cewa kwamfutocin da ke sarrafa injinan ma'aikatar ruwa na iya tsayawa, gari duka ya bushe. To wa ke zaune gaban kwamfutocin nan in ba mijina ba? Surukinta ne injiniyan wurin, amma ta fi yarda da ramin da ke tsakar gidanki, wanda kullum nake ce miki ki rufe kafin wani ya faɗa ciki.

Kada ki ce ba ke kika zuga ta ba. Na san halinki tun kina rarrafe.

Ki gaishe ta, in har tana tambayata.

Yayarki

*

Yaya,

Na amsa gaisuwarki, ina gaida Injiniya da aiki. Wallahi ban zuga ta ba. Ina cikin wanki kawai na ga Inna ta shigo da akwati, ta ce a share mata ɗakin baya. In kore ta?

Kuma Yaya, tsoron nan ba Inna kaɗai ke yi ba. Ran Alhamis famfo ya ɗauke tun safe har la'asar, aka ce kwamfutar ce suke gwadawa. Zo ki ga unguwarmu! Mata suka cika gidan nan da jarkoki, har waɗanda ba sa amsa sallamata a hanya. Ramin nan da kike raina shi ya zama babban mutum. Yanzu ko famfo na zuba sai sun zo, wai suna tanadi.

Ni da na rasa yadda zan yi da su, Inna ce ta karɓi ragamar. Ta sa an kai mata kujera gindin rijiya. Jarka biyu kowane gida, mai goyo ta riga kowa, wadda ta ajiye guga a ƙasa ta koma ƙarshen layi. Jiya matar mai shagon magani ta kawo jarka ta uku a ɓoye cikin zane, Inna ta kama ta, aka yi ta dariya har Inna na share hawaye. Kowa sai "Inna, a duba mini," "Inna, ni ce ta gaba?" Tana cin abinci sosai, har ƙari take nema.

Ki kwantar da hankalinki, aro muka yi, ba sata ba.

Ƙanwarki, Auta

*

Auta,

Bayan gaisuwa. Na karanta takardarki sau uku, kowane karo raina ya ƙara ɓaci.

Dariya har da hawaye? Sannunku! Ni da na yi shekara tara ina auna mata gishiri, ina kai ta asibiti duk wata, ban samu wannan dariyar ba, sai matar mai shagon magani. Kuma su wane ne ke kiranta Inna? Innar wa? Lokacin da ta kwanta wata biyu ni na kwana da ita, ni na juya ta, ke kwana biyu kika yi da ledar lemo kika tafi. Kishi nake yi, na faɗa, ki rubuta ki ajiye. Tun muna yara ke ce a cinya, ni ce a aike.

Likita ya ce kada ta daɗe a zaune wuri ɗaya saboda gwiwarta, ke kuma kin dasa ta a gindin rijiya cikin danshi, kina ba ni labari kamar abin kirki.

In ruwa take so, ga ruwa. Na sayi duro tara na cika su. Huɗu a baranda, uku a kicin, biyu a bakin banɗakinta, sai da gefe muke bi mu wuce. Injiniya ya yi mini dariya, na ce ya rufe mini baki, shi da kwamfutarsa ne suka jawo mini. Kwana shida ke nan suna koyon tada injinan da hannu ko da ta tsaya, yau kuma ya ce an gyara matsalar, gobe za a sanar a rediyo. Saboda haka hujja ta ƙare. Ran Asabar zan turo mota, ki haɗa mata kayanta.

Yayarki

*

Yaya, wannan Inna ce ke magana, ni rubutu kawai nake yi. Ta ce kada in rage ko kalma ɗaya.

Babba,

Ina gaishe ki, ina gaida mijinki, Allah ya yi muku albarka. An karanta mini takardunki duka biyu, har inda kika ce in ina tambayarki. Kullum ina tambayarki.

Kada ki ga laifin ƙanwarki, kuma kada ki ga laifin rediyo. Tun kafin in fito na tambayi mijinki, ya zaunar da ni ya ce ko kwamfutar ta tsaya ruwa ba zai wuce kwana ɗaya bai dawo ba. Na yarda da shi. Na san da haka na ɗauki akwatina. Kunya ce ta hana ni faɗa miki gaskiya, sai na fake da maganar ruwa.

Ba ki rage ni da komai ba. Amma a gidanki in na miƙa hannu zan ɗauki tsintsiya sai ki ce in huta. In na shiga kicin ki ce hayaƙi. Jikokina in sun zo tambayata abu sai ki ce kada a dami Inna. Ku fita tun safe, in zauna ni da famfo da bango har la'asar. Shekara tara ba wanda ya ce mini, Inna, yaya ake yin kaza? Na huta har na gaji.

Nan gwiwata na ciwo, gaskiyarki ne. Amma da asuba ake buga ƙofa ana nemana. Na san in an sanar a rediyo layin zai watse, matan nan ba don Allah suke gaishe ni ba, ban tsufa da wauta ba. Ko sun watse akwai yaran Auta da ba su iya komai ba, ita ma uwar tasu miyarta sai addu'a.

Kada ki turo motar. Ke ce kika riƙe ni da ba ni da lafiya, ban manta ba, ba kuma zan manta ba.

Innarki

(Yaya, maganar miya ƙarya ce, amma ta ce in rubuta.)

*

Auta,

Na gaishe ku. Na karanta, na yi kuka, kuma har yanzu haushinki nake ji, kada ki ɗauka ya wuce.

Ga maganin gwiwarta da tabaraunta na karatu a hannun direba. Safe da yamma, bayan ta ci abinci. Motar ba za ta zo ba.

Ruwan duron nan ya fara canza kala, na baranda har wani abu ke motsi a ciki. Zubarwa ake yi, ko akwai abin da ake sa masa? Kada ki ba ni amsa da kanki. Inna nake tambaya.

Yayarki