Wane Wata Zan Kai Surukina Gonar Inabin Babana?

Anti Zinaida,

Don Allah ki taimaka mini, kuma ki amsa kafin babban azumin coci na kwana arba'in ya kama, don lokaci yana neman ƙure mini. Kada ki ɗauka na ruɗe ne. Na riga na tsara abin da zan yi, kuma ina ganin tsarin nawa ya yi. So nake kawai babba kamarki ta ce mini na yi daidai, saboda duk wanda na gaya wa sai ya taɓe baki. Sunayen da za ki gani duk na canja su.

Ni 'yar wani ƙauye ce a tuddan yankin Kodru, amma na daɗe a birnin Kishinau ina aikin jinya a sashen yara. Akwai wanda zan aura, Dorel, kuma tsakanina da shi babu wata matsala. Abin da ya rage shi ne mahaifinsa, Baba Anatol, ya je gidanmu ya nemi aurena a wurin babana kamar yadda aka saba. Kan ranar zuwan ne muka kasa daidaitawa.

Kin san mutanenmu. Babana, Trofim, gonar inabinsa ce ransa, tun da mamata ta rasu kuwa ba shi da wata hira sai tata. Baƙo ba ya zama a kujera a gidanmu sai ya sauka ɗakin ƙasa ya gaida gangunan giyar inabinsa. Kofi ɗaya ne. Baba zai fara sha, ya cika ya miƙa wa na kusa da shi, a zagaya har ya dawo hannunsa. Daga gangar farar giya a koma ta ja, daga nan a je ta lungu, wadda yake rantsuwa ba kowa yake buɗe wa ba, alhali har mai kawo wasiƙa ya san ɗanɗanonta. Ba mashayi ba ne, ban taɓa ganinsa yana tangaɗi ba. Shi dai a wurinsa, wanda ya ƙi kofinsa ya ƙi shi ne. Mijin 'yar gwaggona, Vitalie, ya taɓa cewa tuƙi zai yi, ba zai sha ba. Tun daga ranar Baba bai sake kiran sunansa ba, sai "Mai Ruwan Rijiya". A gaban jama'a zai ɗaga murya ya ce, "Ku jawo wa Mai Ruwan Rijiya guga guda, kada ƙishirwa ta kashe mana shi a gida." Kowa ya yi dariya, shi ma Vitalie ya yi. Amma ya daina zuwa.

To, Baba Anatol ba ya sha, kuma shi ba zancen tuƙi ba ne. Da can malamin kiɗa ne, yana kuma kaɗa goge a bukukuwan aure, kin kuwa san yadda ake yi wa makaɗa, kowane tebur sai an tsayar da su an cika musu kofi. A haka giya ta ci aikinsa, ta raba shi da matarsa, ta kwantar da shi asibiti har aka fara fid da rai. Da ya tashi ya bar ta, 'yan shekarun nan ko ɗigo bai taɓa ba. Ba ya son a yi zancen. Ni ma ba daga bakinsa na ji ba, Dorel ne ya gaya mini. Idan na je gidansa shayi yake dafa mini da kansa, yana ce mini "'yata". Ranar da muka ce masa shi zai je neman auren, washegari ya kai kwat ɗinsa wurin tela a rage masa faɗi.

Da na kira babana na gaya masa, sai ya ce, "Ki kawo su da kaka, lokacin tsinkar inabi, su ga gona a cike. In ba su samu ba, su zo bikin waliyyin ƙauye a Nuwamba, lokacin sabuwar giya ta kwanta." Ba zan ɓoye miki ba, raina ya so hakan. Babu abin da ya kai ƙauyenmu kyau a ƙarshen Satumba. Tudu ya yi ja da rawaya, keken doki yana saukowa da kwanduna, mata suna waƙa a tsakanin layuka, ga tuwon masara da cuku da romon kaza a shimfiɗe a gindin babbar bishiya. Dangin Dorel 'yan birni ne, gani suke ƙauye taɓo ne da agwagi. Ina so su ga abin da na fito daga ciki. Amma na san kaka a gidanmu. Tun daga bakin ƙofa warin inabin da ake matsewa zai tare ka, kowane maƙwabci ya leƙo da tulunsa. Nuwamba kuwa ba a magana, gida gida ake bi ana sha.

Ga tsarina. Za mu je a Maris, a tsakiyar babban azumi, ranar aiki. Baba yana riƙe azumin nan sosai saboda mamata ta riƙe shi, ba ya buɗe ɗakin ƙasa sai Asabar da Lahadi. Don ƙarin tsaro zan ce Baba Anatol yana shan maganin zuciya, likita ya hana shi. Ni ma'aikaciyar jinya ce, wa zai musa mini? Mu je da safe, a yi magana, mu dawo da yamma. Shi ke nan, babu wanda ya ji kunya.

Da na ambata wa Baba watan, sai ya ce, "A azumi? In ba surukina wake da kabeji, ya koma birni ya ce Trofim ya tsiyace?" Ya kashe waya. Gwaggo Frosia, yayarsa, ta kira ni ta ce, "Ke yarinya, birni ya cinye miki kai ne? Wa ya taɓa neman aure a azumi? So kike a yi da mu a ƙofar coci?" Dorel ya ce duk abin da na yanke ya yi masa, amma na ga tsoro a idonsa. Har cewa ya yi a kawo Baba birni a haɗu a gidan abinci. Wannan kam na ƙi, don babana ba zai yafe ba har ya mutu.

Na san zan iya shawo kan Baba, ni ce autarsa, fushinsa da ni ba ya kwana. Abu ɗaya ne ya ɗan tsaya mini a rai. Makon jiya Baba Anatol ya tambaye ni wane irin inabi babana yake nomawa, wai yana so ya san abin da zai yaba in ya je. Da zan tafi ya rako ni bakin ƙofa ya ce, "'Yata, kada ki damu da ni, na san yadda ake zama a gidan mutane." Ina jin ya gane muna ƙulla wani abu a bayansa.

Anti, Maris ɗin nan ai ya yi, ko?

'Yar Mai Ganguna, Kishinau

*

'Yata,

Maris bai yi ba. Amma kin fi kusa da daidai fiye da yadda gwaggonki take zato, don haka ki saurare ni.

Na fara da inda kike da gaskiya. Kin yi daidai da kika cire Nuwamba, kin yi daidai da kika ƙi gidan abinci a birni. Mutumin da ya sha wahala kafin ya rabu da giya ba a kai shi bikin da ake bin gidaje da tulu a ce wai a gwada ƙarfinsa. Mahaifin da ya raini 'ya kuma yana da haƙƙin a zo gidansa a nemi aurenta. Kin kare mutanen nan biyu, kuma don kina son su ne.

Sai dai tsarinki na yini ɗaya ne, aure kuwa ba yini ɗaya ba ne. A ce kin ci nasara a Maris. Ranar biki fa, da babanki zai fito da gangar da ya tanada tun kina makaranta? Ranar da za a yi wa ɗanki na fari baftisma fa? Maganin zuciyar nan har yaushe za a ci gaba da shan sa? Wata rana gwaggonki za ta tambayi Baba Anatol sunan maganin don ita ma zuciyarta tana damunta, ya tsaya yana kallonta. Ranar da babanki ya gano gaskiya ba surukinsa zai riƙe a rai ba, ke zai riƙe, don kin ɗauke shi mutumin da ba za a iya gaya wa gaskiya ba. Ga shi kuma shi da gwaggonki ba su faɗi ƙarya ba game da azumi. A Maris kurangar inabi sanduna ne tsirara, hanya taɓo, tebur babu nama. Za ki hana babanki kofinsa, ki hana shi gonarsa, ki hana shi girkinsa, duk a rana ɗaya. Da me kike so ya karɓi baƙo?

Babban abin da ya ɓace a wasiƙarki shi ne, kin yi shawara da kowa ban da mai abin. Labarin nan na Baba Anatol ne. Shi ya yi faɗan, shi ya ci, kuma yana ƙin kofi a wuraren da ba ki ma sani ba. Maganar da ya yi miki a bakin ƙofa buɗe miki hanya ya yi. Ki koma ki sha shayinsa, ki gaya masa yadda gidanku yake ba tare da kwaskwarima ba, har da zancen Vitalie. Sannan ki tambaye shi me yake so babanki ya sani, kuma daga bakin wa. Wataƙila ya ce a faɗi duka. Wataƙila ya ce a ce kawai ba ya sha, ba kuma zai sha ba. Duk wanda ya zaɓa, ki tsaya a kai, kada ki ƙara kada ki rage.

Daga nan ki je ƙauye ke kaɗai, ba ta waya ba. Ki bi babanki gona lokacin da yake datse rassa, ki riƙe masa almakashi, a can za ki yi maganar, inda babu 'yan kallo. Kada ki je da roƙo kamar mai neman a yi miki rangwame. Ki ba shi aiki. Ki ce masa baƙo zai shigo gidansa da wannan lalura, maƙwabta za su leƙo da tuluna, kuma babu wanda ya isa ya tare su sai mai gida. Na san irin su Trofim, a cikinsu na girma. Mutumin da yake tsokanar wanda ya ƙi kofinsa, in aka damƙa masa amanar baƙo, shi ne zai tsaya a ƙofa ya kori ƙauye guda. Ya yi wa Vitalie ba'a ne don gani yake raina shi aka yi. Wannan daban ne, kuma zai gane bambancin. Zai yi gunaguni, ki bar shi ya yi.

Watan da nake ba ki shi ne farkon Yuni. Azumi ya wuce, za a yanka kaza a gasa nama, babanki ba zai ji ya tsiyace ba. Inabi yana fure, gona ta yi kore shar, 'ya'yan itacen ceri sun nuna a tsakar gida. Giyar bara ta daɗe a ganga, ba wanda yake ɗokinta, ta bana kuwa ba ta zo ba. A lokacin aikin duk a fili yake, ɗaurin rassa da cire ganye, don haka abin da babanki zai yi alfahari da shi layukan gonarsa ne. Ku isa da hantsi, ya zagaya da surukinsa yana nuna masa kurangar da kakanki ya dasa, shi kuma ya samu inda zai yi yabon da ya shirya. A ci abinci a inuwar rumfar inabi, a yi maganar aure, ku kamo hanya da la'asar. Ki sa gwaggonki ta dafa ruwan ceri mai sanyi tulu guda, don hannun baƙo kada ya zauna babu kofi lokacin da ake sa albarka. Dorel ma ya sha irin na mahaifinsa a ranar, kada dattijon ya zama shi kaɗai.

Kakar da kike so su gani ba ta gudu ba. In ziyarar farko ta yi kyau, kuma shi Baba Anatol da bakinsa ya ce yana so, sai ku koma a farkon tsinka, ya yi yini a gona da kwando. In ya ce a'a, ki karɓa ba tare da tambayar dalili ba.

Ba zan yi miki alkawarin cewa dattawan nan za su zama aminai ba. Abin da na tabbata shi ne kowannensu ya fi ƙarfin yadda kike lallaɓa shi. Ki daina tsayawa a tsakaninsu kina karewa, ki bar su su ga juna. Asabar ɗin nan ki fara da shayin surukinki.

Allah ya sa albarka a auren, ya ba dattawan biyu tsawon rai su ga jikokinsu.

Anti Zinaida