Idona na Hagu Ba Ruwan Kwamiti

Lahadi, 3 ga Maris, 2024

Jerry, sabon sakataren cocinmu, ya tare ni a bakin ƙofa bayan sujada. Wai masu inshora sun ce duk mai tuƙa motar coci sai ya kawo takardar likitan ido kafin ƙarshen wata. Na ce shekara goma sha ɗaya ina kwaso tsofaffi daga Glenwood da Gate City, ko kaza ban taɓa takawa ba. Ya ce, "Baba Choji, policy ne, doka ce, kwamiti ya riga ya sa hannu." Mutumin da ko fakin bai iya ba! Ba inda za ni.

Talata, 5 ga Maris

Idona na hagu ba ya gani. To, ga shi na rubuta. Tun 1996.

Wani sito ne a bayan gari, an kewaye tsakiyarsa da waya kamar kejin kaji. A lokacin, irin wannan wasan faɗa ko suna na kirki ba shi da shi. Ba safar hannu, ba awon nauyi, ba likita. Alƙalin wasa ƙanin mai sito ne, makanike. Mutum uku na kara da su a yini ɗaya. Na ukun ya fi ni da kilo talatin. Na ɗaga shi da kokawar da na koya a Bukuru, na maka shi da ƙasa, na shaƙe. Sai ya cusa min babban yatsa a ido. Ban saki ba. Shi ya yi saranda.

Ƙanƙara aka ba ni a leda. Asibiti kuwa ban je ba, da bizar ɗalibi nake zaune a ƙasar mutane, ina tsoron tambayoyi. Wata biyu, sai duhu. Daga waje idon lafiya lau, har juyawa yake. Ko Liyatu matata ban taɓa gaya wa ba. Idon dama ne yanzu ya fara min dishi-dishi tun Kirsimeti, shi ya sa ba na son likita ya leƙa.

Ni na ci wasan. Duk mai shirin jin tausayina ya fara sanin wannan.

Alhamis, 7 ga Maris

Na kalli 'yan wasan yanzu a talabijin. An tsayar da faɗa don gira ta tsage, likita ya shigo da tocila yana haska idon mutum. Na yi ta dariya. Can kuma na kashe talabijin ɗin.

Lahadi, 10 ga Maris

A Glenwood ne, zan sha kwana, mutum tara a mota. Sai Mama Nanven, tsohuwar da ke zama a bayana kullum, ta ƙwalla, "Yesu!" Na taka birki. Wata ɗaliba a kan keke, ta hagu. Ban san daga ina ta fito ba. Ta zube a ciyawa, gwiwar hannu ta ƙuje. Ta tashi, ta zage ni tas, ta hau kekenta.

Da muka isa coci Mama Nanven ta bari kowa ya sauka. "Ɗana, ni tun daga nesa nake hangen yarinyar nan. Kai ba ka gan ta ba?" Na ce rana ce ta kashe min ido. Ta ɗaga kai ta dubi sama. Hadari ne ko'ina.

Litinin, 11 ga Maris

Ai ita ma mai keken gudu take yi.

Laraba, 13 ga Maris

Na gaya wa Liyatu. Tana dama gwate, ko juyowa ba ta yi ba. "Baban Treasure, shekara ashirin da shida ina tafiya ta hagunka. Ka ɗauka daɗin wannan gefen nake ji?" Wai tun satin bikinmu ta gane, tana miƙo min ruwa ina kallon bango.

Na ce to me ya hana ta magana? Ta ce, "Sirrinka ne, na riƙe maka. Amma yanzu har da 'yar mutane a ciki, wannan kam ba zan riƙe ba."

Na ji haushi, na ji kunya, kunyar ta fi yawa. Ƙato mai kilo ɗari da goma bai sa na saki ba, sai mace da ludayi? Gwaten ma ban ci ba. Daga baya na ci.

Lahadi, 17 ga Maris

Na ba Jerry makulli. Aro ne, na faɗa masa sau biyu. Likita ranar Juma'a, Liyatu ce ta kira asibitin, ba ni ba.

Na zauna a gaba, don bai san gidajen tsofaffin ba, ba don komai ba. Tuƙinsa sai ka yi barci. Mama Nanven ta gaishe ni kamar kullum.

Da muka zo kwanar nan ta Glenwood na ce masa, "Duba hagu." Ya ce ya duba. Na ce ya sake dubawa.