Dodannin Suri da Auren Ashiru

Kafin Dafga, Karaye.

Zuwa ga Yaya Abdulmutalib,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali a can Fatakwal. Allah ya ƙara lafiya da rufin asiri. Mu nan alhamdu lillahi, gyaɗa ta yi kyau bana, ƙafar Inna ma ta yi sauƙi har tana zuwa barka da kanta.

Yaya, albishirinka! Ka san yadda Baffa Sulle ya kafe kan maganar ƙaninmu Ashiru da Bahijja ta Rogo, wai mu gidan malamai ne, ba ma haɗa jini da mahauta. Ashiru ya rame, su Bahijja kuma sun ce in bayan Sallah ba a turo ba za su ba wani. Babu wanda ya iya tunkarar Baffa, ni kuwa mace, kuma 'yar ɗan'uwansa.

Ana nan sai hedimasta ya ce in shirya wa 'yan ajina wasan kwaikwayo na bikin yaye ɗalibai, kuma Baffa ne uban taro. Na zauna na ƙirƙiro garin wasu ƙananan dodanni masu zama cikin suri. A garin nan tsawon kunne shi ne asali. Masu dogon kunne suna saman suri, masu gajeren kunne suna ƙasa suna haƙa, iyaye mata har dutse suke ɗaura wa kunnen jarirai don ya ja. In an zo neman aure ba a tambayar hali ko sana'a, sai dai a ɗauko karan dawa a auna kunnen saurayi. Sarkinsu ya yi ta korar manema 'yarsa, har aka kawo masa jaki, aka auna aka ga babu kamarsa. Aka ɗaura aure, ango ya cinye rumbu, ya yi tutsu ya rushe fada.

Da ganyen gwaza muka yi kunnuwan. Jama'a suka yi ta dariya, Baffa ma har da share hawaye da bakin rawani, sai can na ga ya ɗaure fuska.

Washegari ya aiko a kira ni. Na durƙusa, ya daɗe yana jan carbi. Sannan ya ce ya san kunnen wanda na auna a bainar jama'a, kuma ban kyauta ba, amma gaskiya ɗaci gare ta. Ya ce shi da ke karantar da mutane cewa taƙawa ce mizani, ba zai zama sarkin suri da furfurarsa ba. Ranar Juma'a da kansa ya hau bayan babur ɗin Ilu maƙwabcinmu ya tafi Rogo, ya zauna tabarma ɗaya da mahaifin Bahijja, har suka ci tsire tare.

An sa rana, Yaya! Asabar ta biyu bayan Babbar Sallah. Ashiru har ya fara ƙiba.

Inna tana sa maka albarka. A gaida Anti Rumasa'u da su Maijidda da Lukumanu. Baffa ya ce in gaya maka kai ne waliyyin ango, ba ya son jin uzuri, don haka ka nemi hutu tun yanzu.

Ƙanwarka,
Saude.