Fuskar Zaidu a Buhun Fulawa

Litinin, 14 Afrilu 2025, Sokodé

Saura wata guda mu tashi Makka. Yau na gama zagayen neman gafara a unguwarmu Kpangalam, gida-gida kamar mai tallan goro. Kowa "Allah ya yafe mana baki ɗaya," har da waɗanda na san sun fi ni laifi. Na dawo ina murna, Hajjo ta tare ni a ƙofar ɗaki. Wai tana kwashe akwatin ƙarfe ta ci karo da tsofaffin afish, wato hotunan tallan fim, da nake zana wa gidan bidiyo. Ta shimfiɗa ɗaya a ƙasa. "Malam, wannan fa? Ka je gunsa?" Shekara talatin da biyar da aure, matar nan ba ta taɓa barina na gama murna ba.

Laraba, 16 Afrilu

Bari in rubuta yadda abin yake, ko na huta. A lokacin, kaset ɗin finafinan 'yan fashi kan zo daga Lomé tsirara, ba kwali ba hoto. Mai gidan bidiyo ya ba ni labarin a tsaye: akwai mugu, akwai bindiga, akwai mota. Ni kuma in haɗa buhun fulawa biyu, in zana da fentin mai kafin la'asar, a rataya a bakin titi. Ko rabinsu ban kalla ba. Jarumi daga kaina nake fito da shi, kyawawa duk kamarsu ɗaya. Mugu kuwa sai da fuskar gaske. Ga Zaidu tela daura da rumfata, kai sunkuye a kan keke, yini guda ba ya motsi. Doguwar fuska, gira mai kauri. Sau goma sha ɗaya na ari fuskarsa. Na sa masa malafar Turawa, na ba shi wuƙa.

Ai dariya ma ya yi da ya ga na farko. Wallahi ya yi dariya.

Alhamis, 17 Afrilu

Na kasa zama. Na je kasuwa sau biyu ban sayi komai ba. Hajjo daga madafa: "Na farkon ya yi wa dariya. Na biyar fa?"

To, yara sun sa masa Zaidu Bandi, wato ɗan fashi, sunan ya bi shi. Da aka fasa shagon atamfa a casa'in da shida, ɗakinsa mutanen unguwa suka fara birkicewa. Ko zare ba a samu ba. Amma wa zai ƙara kai yadinsa gun Bandi? Ya ɗaure kekensa a kan mota, sai Dapaong. Ban raka shi tasha ba. Ni na fasa shagon? Ni na ce a bincike shi? Sana'ata na yi.

Asabar, 19 Afrilu

Ba inda za ni. Kilomita ɗari uku a wannan zafin!

Talata, 22 Afrilu, Dapaong

Na zo. Na naɗo afish ɗin nan guda, da niyyar in ba shi ya ƙona da hannunsa, mu rabu lafiya. Tun daga Kara nake shirya magana, kafin Mango na rushe ta sau huɗu.

A Zongo na tambayi wani mahauci. Ya ajiye wuƙa. "Malam Zaidu tela? Allah ya ji ƙansa. Bara, da azumi."

Ƙafafuna ne suka kai ni gidan, ban san yadda aka yi ba. 'Yarsa Rachida ce a kan keken yanzu. Na faɗi sunana, ta ce, "Kai ne mai fenti. Yana faɗinka. Ya ce kana da hannu." Na jira sauran, babu saura. Na ce ta yafe mini. Ta ce, "Baba, ni ba ka yi mini komai ba. Wanda za ka roƙa yana maƙabarta." Ba faɗa, ba ɗaga murya. Da ta zage ni da na fi jin daɗi.

Sai ta ce tun zuwansa garin nan bai yarda an ɗauke shi hoto ba, ko a bikinta. Ba su da hotonsa ko ɗaya. Ta miƙa hannu, na ba ta buhun ina jin kunya kamar ƙasa ta tsage. Ta daɗe tana kallo. "Goshin nasa ne. Hancin nasa ne. Amma babana bai taɓa kallon mutum haka ba."

Laraba, 23 Afrilu

Na sayo fenti da buroshi in gyara musu hoton, shekara ashirin rabona da su. Wuƙa ta tafi kafin azahar, malafa ta koma hula. Wannan ba wuya. Idon ne. Na tsaya da buroshi har fentin ya fara bushewa, sai na gane abin: kullum kansa a sunkuye yake, ban taɓa ganin idonsa ba. Sau goma sha ɗaya daga cikina na fito da idon nan na liƙa masa. Tsoro ya kama ni, in faɗi gaskiya. Da wannan zan tsaya Arfa?

Alhamis, 24 Afrilu

Na goge sau uku. Rachida tana ɗinki tana gyara mini: "Sassauta nan. Kamar mai jin barci, amma yana jin ka."

Juma'a, 25 Afrilu

An gama. Ba ta ce ya yi ba, ba ta ce bai yi ba. Ta leƙa tsakar gida ta kira 'ya'yanta: "Ku zo ku gaida kakanku." Suka durƙusa gaban buhun fulawa. Na fita waje, warin fentin ne ya dame ni.

Bayan masallaci na je kabarin. Na faɗi abin da na zo faɗa. Ko ya yafe, ban sani ba, ba kuma wanda zai gaya mini.

Hajjo ta bugo, wai yaushe zan dawo, ana nemana a bitar alhazai. Na ce sai mako mai zuwa, ta ba direba sauran afish goman ya kawo mini. Ta ce me zan yi da su. Na ce ba wani abu ba ne, fentin ne ya ragu, kar ya bushe a banza.