Katin da Ke Rataye a Ƙusa

Zuwa ga Maman yara,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da yara da Inna. Ya ƙafar Inna? Ya tarin Auta? Ki gaishe min da Yaya.

Shekara biyu ke nan da 'yan watanni rabona da gida. Na bar Auta yana rarrafe, yanzu kin ce har gardama yake da ke. Idan na kira waya yara ke ƙwace ta, shi ya sa na ce bari in zauna in rubuto.

Kin ce 'yar fari tana gaya wa ƙawayenta babanta likita ne. Ki gyara mata, kada wata rana a kawo min marar lafiya ƙofar gida. A kamfanin magani nake, amma ko ƙwaya ɗaya ban taɓa haɗawa ba. Duk zubin maganin da aka yi sai an kai shi ɗakin gwaji, na'ura ta auna ƙarfinsa ta rubuta sakamako a kwamfuta. Hukuma ba ta ɗanɗana magani, wannan rubutun take karantawa. Aikina shi ne in tabbatar ba wanda zai taɓa rubutun ba tare da ya bar sawu ba.

Da na zo, lambar sirri ɗaya kowa ke amfani da ita, an rubuta ta a salatif an manna ƙarƙashin tebur. Na cire ta, na yi wa kowa katinsa na shiga na'ura. Na hana shiga da waya, na toshe duk ramin da ake soka filas a jikin kwamfuta. Tun daga nan sunana ya koma Mai Kwaɗo. Idan na shiga kantin ma'aikata, sai ka ji wani yana kaɗa makullai a aljihu, sauran suna danne dariya. Ban ga laifinsu sosai ba. Mutum yana sanye da safar hannu biyu, sinadari na jiransa, kai kuma ka ce sai ya tsaya ya ɗora kati. Amma gaisuwa dai ba ta buƙatar kati, ita ma sun rage min.

Mutum ɗaya ke zama kusa da ni in ana cin abinci, wani dattijo da ake kira Baban Awo. Ya fi shekara talatin a ɗakin gwaji, saura kaɗan ya yi ritaya. Ƙafar tabaraunsa da zare aka ɗaure. Kullum sai ya tura min rabin abincinsa, wai na rame kamar igiyar caja. Matarsa na wankin ƙoda duk Talata, kamfani ke biya.

Masu duba daga hukuma za su zo nan ba da daɗewa ba. Manaja ya ce idan muka wuce lafiya zai sabunta min kwantiragi ya ba ni hutun wata guda. Ki daure da yoyon ɗakin nan, in na zo za a sake rufin gaba ɗaya.

Ki shafa min kan yara.

Naki,
Baban yara

*

Maman yara,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna da yara. Na ji daɗi da kika ce tarin Auta ya sake shi.

Akwai abin da na ɓoye miki, yanzu dole in faɗa don ki gane sauran. Jinina ya ɗan hau, ina zuwa asibiti karɓar magani. Kada ki gaya wa Inna.

Ina bin sawun na'urori don shirin zuwan masu duba, sai na ci karo da wani abu. An gwada wani zubi na maganin zazzaɓin yara, irin na ruwa da kike ba Auta a cokali. Ƙarfinsa ya wuce ƙa'ida. Sai aka goge sakamakon, aka sake gwaji da wata kwalba, ya fito daidai, aka sa hannu. Wanda ya goge bai san na'urar ba ta mantuwa ba. Ta rubuta cewa katin Baban Awo ne, ranar Talata da yamma.

To ni a wannan yammacin ina zaune da shi a bencin asibiti. Yana riƙe da jakar matarsa da takalmanta, yana min tsiya wai yaro ƙarami da hawan jini.

Na shiga ɗakin gwaji na leƙa bayan ƙofa. Ga katinsa nan rataye a ƙusa, igiyarsa ta yi baƙi don yawan hannu. Ashe sababbin ma'aikata biyar da aka ɗauka bara ba su da kati har yau. Dokar da na rubuta ta ce sai an horar da mutum, manya uku sun sa hannu, sannan a ba shi. Mai horarwar ta bar aiki, ba a ɗauki wata ba, takardunsu na kan wani tebur. Aiki kuma ba ya jira. A wurinsu babba ba ya barin na ƙasa da shi tsaye ba abin yi, sai tsoho ya rataya katinsa, duk mai buƙata ya ɗauka. Ranar Talata ma nan yake barinsa, maigadi ya buɗe masa ƙaramar ƙofa. Don haka har kwamfutar bakin get ta shaida bai fita ba.

Wata takwas ana haka, ni ina sama ina kallon allo, ina jin daɗi Baban Awo ya fi kowa ƙwazo.

Na kai wa Manaja. Ya hana zubin fita nan take, wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba. Sannan ya rufe ƙofa ya yi min lissafi. Idan muka ce tsoho ne ya goge, laifin mutum ɗaya ne a zubi ɗaya, tsarin Mai Kwaɗo ya kama ɓarawo, masu duba ma za su yaba. Idan muka ce katin na kowa ne, duk gwajin wata takwas ya zama ba a san mai shi ba, dole a janye magani daga kasuwa, a rufe sashen maganin ruwa. Ya ce ba ƙarya yake nema daga gare ni ba, in dai buga abin da na'ura ta rubuta in sa hannu.

Wanda aka kora da laifin sauya sakamako ba shi da fansho, kuma ranar ake yanke kuɗin asibitin iyalinsa.

Ki sa ni a addu'a.

Baban yara

*

Maman yara,

Gaisuwa da fatan alheri. Wasiƙarki ta iso, na karanta ta har takardar ta yi laushi. Ya jikin Inna?

Kin ce ke ba ki san kwamfuta ba, amma kin san na zauna da mutum a benci. Kin kuma ce kuɗin makarantar 'yar fari ya matso, kuma kin ƙara roba ta uku a ƙarƙashin yoyo. Duka biyun gaskiya ne, kuma ban ji haushin da kika haɗa su a shafi ɗaya ba. Haka suke a kaina ni ma.

An dakatar da Baban Awo. Na je gidansa, ɗaki biyu a bayan wani garejin gyaran mota. Matarsa na kwance a falo, ta sa aka kawo min ruwa, tana ba ni haƙuri wai ba ta iya tashi ta gaishe ni. Ba ta san komai ba, ya ce mata hutu ya ɗauka.

Muka fito waje. Na tambaye shi wa ya goge cikin yaran biyar. Ya ce bai sani ba kuma ba ya son sani. Ya ce duk wanda ya yi, tsoro ne ya sa shi, don ana tsaye a kansu ana cewa mota na jiran kaya. Na ce Baba, ka san abin da katin nan yake nufi, ni da kaina na karanta maka dokar. Sai ya ce, “Ɗana, ka ba ni makulli ɗaya ka ba ni yara biyar. Me kake so in yi da su?”

Na so in yi masa faɗa. Na kwana biyu ina jin haushinsa fiye da na Manaja, don kirkinsa ne ya rusa min aikin shekara biyu. Amma takardun yaran nan sau huɗu suna zuwa teburina ina mayar da su don sa hannu ɗaya bai cika ba, ban taɓa saukowa na tambayi da me suke aiki ba.

Bai roƙe ni komai ba. Da zan tafi ma cewa ya yi in rage gishiri.

A sashen na ruwa akwai 'yan wucin gadi kusan sittin, masu wanke kwalba da masu manna takarda. Manaja ya bi da ni ta cikinsu jiya, ya bar ni in kalle su. Ba mugu ba ne, Maman yara. Da mugu ne da abin ya zo min da sauƙi.

Masu duba za su iso mako mai zuwa. Takardar da Manaja ya nema na cikin aljihun teburina, ban sa hannu ba, ban kuma yaga ta ba.

Ki gaida kowa.

Baban yara

*

Maman yara,

Ina fatan wannan ta same ku lafiya. Ki gaida Inna, ki ce mata ɗanta na hanya.

Masu duba sun zo su uku. Babbarsu wata mace ce marar hayaniya, ta zauna a kujerata tana bin sawun na'ura da bakin biro. Da ta iso kan sakamakon da aka goge, Manaja ya ce an riga an gano mai laifi an dakatar da shi. Ta juyo ta tambaye ni ko katin nan yana tabbatar da wanda ya yi aikin.

Na ce yana tabbatar da kati ne kawai. Na ce mai katin yana asibiti a lokacin, ni ne shaida. Na kai ta bayan ƙofa na nuna mata ƙusar.

Ba wanda ya ɗaga murya. Ta yi rubutu mai tsawo, Manaja yana kallon silin.

An rufe sashen na ruwa sai an sake gwada komai. An sallami 'yan wucin gadin, aka ce za a neme su. An kori maigadi saboda ƙaramar ƙofa, mutumin da ban taɓa kawo shi cikin lissafina ba. Yaran biyar an mayar da su sito suna ƙirga kwali, har yau ba a san wanda ya goge ba. Baban Awo kuma an yi masa ritayar dole saboda ba da aron kati, da sakin layin dokar da na rubuta da hannuna aka yanke masa hukunci. Amma ba a rubuta masa sauya sakamako ba. Fanshonsa na nan, kuɗin asibiti zai ci gaba wata shida, daga nan sai abin da Allah Ya yi.

Ni ba a kore ni ba. An dai ce kwantiragina ya ƙare ƙarshen wata, kuma an gode. Sun ɗauko wani kamfani ya gyara tsarin, na ga shirinsu, nawa ne aka sauya wa bango, sai dai sun ce a ba sabon ma'aikaci kati cikin mako guda. Wannan sun fi ni.

Yanzu ba mai kaɗa makullai a kantin, tashi suke su bar min teburin. Wata mai wanke kwalba ta tare ni a bakin get ranar da aka sallame su, ta tambaye ni ko ina da yara. Na ce biyu. Ta ce ita huɗu, ta wuce. Shekaranjiya na tarar an datse lokar da nake ajiye kayana da sabon kwaɗo, sai da aka kira mai walda.

Na ga Baban Awo ranar Talata a bencin nan. Bai gode min ba, ban kuma zaci zai gode ba. Ya matsa min wuri, muka zauna. Can ya ce, “Maigadin nan 'ya'yansa bakwai.” Na ce na sani. Ya miƙo min jakar matarsa in riƙe masa ya je karɓo magani.

Kin tambayi abin da zan dawo da shi don ki san yadda za ki gaya wa Yaya. Ga shi ba ƙari. Kwalba dubu goma sha ɗaya na maganin yara da ba su bar sito ba. Fanshon tsoho ɗaya da wankin ƙoda na wata shida. Kuɗin hanya. Kuɗin makarantar 'yar fari na zango biyu. Kwanon rufi bandir biyu, mai gini ya ce biyar ake buƙata, don haka ɗakin Inna za a fara rufewa, mu kada ki zubar da robobin. Sai takalmin Auta da na saya bara, na san ya yi masa kaɗan.

Sai na iso.

Mijinki,
Baban yara