Sun Ce Sun Yafe Mini

Roni,
Litinin, 14 ga Agusta.

Zuwa ga aminina Muhammad Nur,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kai da Hajiya Ummu Salma kuna lafiya. Yaya ciwon gwiwar? Ka yi haƙuri da wannan karkataccen rubutu, da hagu nake yi.

Ran Alhamis da hantsi aka tsamo Ihsan, 'yar maƙwabcina Haladu, daga kududdufin bayan gari. Shekararta biyar. Kafin in isa har an lulluɓe ta ana salati. Na yaye zanen. Ba numfashi, ba bugun zuciya, amma ba ta daɗe a ruwan ba. Ɗakin shan maganinmu a kulle, asibitin Kazaure kuwa da nisa. Sai na yi abin da aka koya mana ni da kai shekara arba'in da suka wuce: na hura mata iska a baki, na ɗora tafin hannu a ƙirjinta ina dannawa.

Haƙarƙarinta ya yi ƙas, kowa ya ji. Kai ka san hakan na faruwa. Su kuwa tsoho suka gani yana wulaƙanta gawa. Haladu ya zabga mini ƙotar fartanya a kafaɗa, ban daina ba. Bugu na biyu ya karya mini hannun dama. Ƙanensa Daudu ya shure ni a baki, haƙorana biyu suka zube, suka ja ni ta ƙafa cikin taɓo. Mutanen da na yi shekara talatin ina yi wa 'ya'yansu rigakafi suna tsaye suna kallo.

Kafin azahar an binne ta.

Ga abin da ban faɗa wa kowa ba. Gab da bugu na biyu na kai yatsu wuyanta, na ji motsi. Sau uku. Mai rauni, amma motsi ne. Iska kawai take bukata a ci gaba da ba ta.

Jiya Haladu ya zo da liman, wai ya yafe mini, tunda tsufa da boko ne suka ruɗe ni. Ya rame ƙwarai. Na dubi hannun da ya riƙe ƙotar, hannun da ya sa ta a kabari, na ce na gode.

Ka gaida Hajiya da yara. Idan ka karanta, ka ƙona takardar nan.

Naka har kullum,
Mele.